FATALWAR TAMAN MELATI

Na Zainabu Maitama (Maman Hafiz)

Page 14

Masu cika min inbox da "ki dawo mana da Walida", duk na gani. Wata har cewa ta yi ba ni da imani. 'Yar'uwa ni ma uwa ce, shafin nan sai da na ajiye waya na sha ruwa kafin na iya ƙarasa shi.

* * *

Ofishin lauyar a saman wani shagon furanni yake a unguwar Brickfields, can ƙasar 'yan Malay. Tun daga matattakala ƙamshin furen da Indiyawa ke saƙawa ya cika wa Hannatu hanci. Hadari ya haɗo, gari ya yi duhu kamar magariba, alhali ko azahar ba a kira ba.

Ba ita ta zaɓi matar nan ba. Kotun yara ce ta haɗa su, da alƙaliya ta ga ta tsaya a zaman farko ba miji ba lauya, sai hawaye. Sunanta Thilaga, siririya, da furfura a gaban goshi, ba ta dariya kuma ba ta faɗa.

A gefe Ummukulthum ce zaune, 'yar Zariya mai yin digiri na uku a jami'ar da ke titin Jalan Semarak. Lauyar ce ta nemo ta ta yi tafinta, don turancin Hannatu na sakandare ne, da ta tsorata yake guduwa ya bar ta. Yau suka fara ganin juna.

Tun ranar da zazzaɓi ya kayar da Hannatu barci ya kwashe ta, 'yarta Walida mai shekara biyar ta buɗe ƙofa ta sauka har bakin tashar jirgin ƙasa ta unguwarsu, Taman Melati, uwa da 'ya ba su ƙara kwana ɗaki ɗaya ba. Hukumar kula da yara ce ke riƙe da yarinyar. Mijinta Tajuddeen yana Najeriya wajen tattara bayanan bincikensa, bizar dawowa ta ƙi fitowa, sai waya da "ki yi haƙuri".

Yau bayan azahar alƙaliya za ta yanke. Ko a ba ta 'yarta, ko a ci gaba da riƙewa.

Thilaga ta rufe ƙofa ta zauna. Tana magana Ummukulthum na juyawa.

"Kafin komai. Ni lauyarki ce, Puan Hannatu. Ba ta hukuma ba, ba ta mijinki ba. Abin da kika faɗa a ɗakin nan, nan zai tsaya sai kin ce in fitar da shi."

Hannatu ta gyaɗa kai.

"Kin san abin da suka gaya wa kotu. Yarinyar ta ce mahaifiyarta ta mutu. Ta ce ghost ce ke kula da ita a gida."

"Fatalwa," in ji Ummukulthum a hankali.

"Na sani," Hannatu ta ce. "Tun ranar ban ƙara kwana a gidan ba."

"A ina kike kwana?"

"Gidan maƙwabciyata. Da safe in je in kunna Baƙara in fito. Wani malami cikin ɗalibai ya zo ya yi ruƙiyya har banɗaki." Ta rage murya. "Ki gaya mata ni ma na fara ji."

Ummukulthum ta dube ta. "Jin me, Yaya?"

"Takun silifa a kicin. In na tsaya ya tsaya."

Da aka fassara, Thilaga ta cire tabarau ta ajiye.

"Wannan kar ya fito daga bakinki a kotu. Ko da wasa. Yaro ya ce ya ga fatalwa, a kira likitan yara. Uwa ta ce ta ji, a kira likitan ƙwaƙwalwa, kuma ba za su ba ki ita ba."

Ruwa ya sauko da ƙarfi. Fitilar ofishin ta yi ƙyaf ta dawo.

Lauyar ta jawo kwamfutarta.

"Duk abin da muka sani da turanci aka ba mu, fassarar wani ce. Na ce ban yarda ba. Haƙƙinki ne ki ji abin da 'yarki ta faɗa da bakinta. Sai da na yi ta naci kafin suka ba ni muryarta da suka naɗa. Da Malay ta yi maganar, Ummu za ta juya miki. Kin shirya?"

Ba ta shirya ba, amma ta ce eh.

Aka ji shuu na na'ura, sai muryar wata mata mai laushi.

"Siapa jaga adik kat rumah?"

"Wai wa ke kula da ita a gida," Ummukulthum ta raɗa.

Sai ƙaramar murya, wadda Hannatu ta yi ta mafarkinta, ta fito daga cikin kwamfutar da ɗan ja a ƙarshe.

"Hantuu."

"Na'am," in ji Hannatu.

Ba ta ma san ta amsa ba.

Thilaga ta danna ta tsayar. Ummukulthum ta ja kujerarta baya kaɗan, wallahi sai da ta ja.

"Yaya... me kika ce?"

"Kira na ta yi."

"Wa ya kira ki?"

"Walida mana. Ba ki ji ba? Ta ce Hantu."

"Yaya, hantu ai ita ce fatalwar. Da yarensu kenan."

Hannatu ta kalle ta kamar ba da Hausa ta yi maganar ba.

"A'a. Ni ce Hantu. Tun tana koyon magana take jin babanta na cewa Hannatu, bakinta bai iya ba, ta ce Hantu. Shi kenan ya bi ni."



Ni dai a nan haushin Tajuddeen ya kama ni. Shi da yake jin Malay, ranar da ya fara jin sunan dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce ki hana ta faɗa a waje. Ta ce saboda me, ya ce ba komai, ya koma kan kwamfutarsa. Magana guda da zai yi ya huta ya hutar da ita, ya ga ɓata lokaci ne. Ita kuwa Malay ɗinta bai wuce 'yan kalmomin sayen abinci irin su makan da tapau da boleh ba. Matan Hausawan unguwar su ma kunnensu Hannatu yake ji musu.

Hannatu ta ɗora hannu a ƙirji.

"Kenan duk karatun nan da nake kunnawa..."

Ba ta ƙarasa ba. Ummukulthum ma ba ta taimaka mata ba.

Thilaga ta saurari bayanin har ƙarshe, ba ta nuna murna ba.

"Mu ji sauran," ta ce. "Duk inda na tsayar, ki gaya min mene ne."

Ta danna. Matar cikin na'urar ta yi tambaya, Walida ta amsa, Ummukulthum na bi a baya tana juyawa.

"Ta ce Hantu fararen kaya take sawa har ƙasa. Kafin gari ya waye take tashi, ta tsaya ta fuskanci bango tana magana ita kaɗai."

"Sallar asuba ce," in ji Hannatu.

"Ta ce in za ta yi barci Hantu na zuwa kanta, ta yi raɗa, ta tofa mata yawu a fuska."

"Tofi ne. Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi."

"An tambaye ta ina Mama. Ta ce Mama ta mutu tuntuni, an saka ta a rami."

Hannatu ta runtse ido.

"Mahaifiyata ce. A gidanmu ita kaɗai ake ce wa Mama. Ni ba a taɓa ce min ba."

Murya ta ci gaba. Wannan karon Ummukulthum ta yi jim kafin ta juya.

"Faɗi mana," in ji Hannatu.

"Ta ce Hantu ba ta kallonta in da mutane. In baƙi sun zo, cewa take ba 'yarta ba ce, 'yar Abba ce."

Ummukulthum ta ci gaba.

"An ce mata to tana tsoron Hantu? Ta ce a'a. Ta ce in kowa ya tafi, Hantu na ɗaukarta ta shinshina kanta."

Nan Hannatu ta kifa kai a kan teburin lauya. Ba ta yi kuka mai sauti ba, kafaɗunta ne kawai ke motsi. Yarinyar da take ɗauka ba ta san komai ba, ashe duk tana lura.

Thilaga ta bari sai da ta ɗago.

"Zan gaya miki gaskiya, don aikina kenan. Jiya shari'ar nan ta yarinya ce mai gane-gane da uwar da barci ya kwashe. Yau babu fatalwa. Amma duk abin da fatalwar ta yi ya dawo kanki. Tofa yawu. Ƙin kallo. Cewa ba taki ba ce."

"Ba haka ba ne..."

"Na sani. Kotu ce ba ta sani ba. Ranar da kika je ofishin 'yan sanda da gudu, aka ce wannan 'yarki ce? Me kika ce?"

Hannatu ta sunkuyar da kai.

"Na ce 'yar Tajuddeen ce."

"Me ya sa?"

"Dakta Abdulwahidu na tsaye. Shi ne babba a cikin abokan babanta, shi ya kawo ni a mota. Ga wasu maza biyu."

"Sai me?"

"'Yar fari ce."

Thilaga ta juya wajen tafinta tana jiran sauran bayani.

Ummukulthum ta buɗe baki. Mace mai rubuta kundin digiri na uku da turanci, sai ga shi tana lalube. Ta ce shyness, ta ce a'a ba shi ba. Ta ce respect, ta girgiza kai. Daga ƙarshe ta ce a wasu gidajen namu uwa ba ta nuna ɗan fari nata ne a gaban manya, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a cikin mutane, kuma wai duk cikin so ne.

"Wai?" in ji lauyar.

"Cikin so ne," Ummukulthum ta gyara. "Ni ma 'yar fari ce."

Thilaga ta gyaɗa kai a hankali.

"Sun kuma tambaye ki sunanta. Kika ce Walida. Da aka ciro fasfo daga ofishin sabunta biza, aka ga wani suna daban."

"Sunan Mama ne aka mayar mata. Walida alkunya ce."

"Faɗi sunan."

Hannatu ta kalli taga.

"Puan Hannatu, faɗi sunan."

Leɓɓanta suka motsa, babu abin da ya fito. Tunda aka haife ta sunan nan bai taɓa bi ta bakinta ba, ko a asibiti katin take miƙawa.

Lauyar ta jingina da kujera.

"Hanya biyu ce. Ta farko mu yi shiru da maganar Hantu. Za su tura yarinyar wajen likitoci, a daɗe ana dubawa, tana can kina nan. Ba wanda zai ce kin yi mata laifi. Ta biyu ki tashi gaban alƙaliya ki ce ni ce. In ta fahimta, yau ki tafi da ita. In ba ta fahimta ba, mun ba su abin da ba su da shi da hannunmu."

"Ke wacce kika gani?"

"Ta biyu. Amma 'yarki ce, ba tawa ba. Doka ke ta ba wa zaɓin."

"Ko in kira babanta?"

"Kina iya kiransa. Sai dai ba shi zai tsaya ba."

Hannatu ta jima tana juya wayar a hannu. Sai ta kife ta a cinya.

"Zan faɗa."

"To da sharaɗi. In an shigo da ita, ki kalle ta a ido. Ki kira ta da sunan fasfo. Ki ce 'yarki ce, kowa ya ji. Alƙaliya ba al'adarku za ta karanta ba, fuskarki za ta karanta."

Ummukulthum ta dafa ta.

"Yaya, da Mama na raye ita da kanta za ta ce ki faɗa."

Suna miƙewa Thilaga ta dubi Hannatu sama da ƙasa, ta yi wata magana gajeriya.

"Wai ki cire farin hijabin nan," in ji Ummukulthum. "Zo mu yi musanya, nawa ruwan toka ne."

* * *

Kotun yara ba irin ta fim ba ce. Ɗaki ne madaidaici, ba 'yan kallo, sanyin AC kamar a firji. Alƙaliya na tsakiya, ba ta kai Thilaga shekaru ba. Dama da hagu masu ba ta shawara ne, wani dattijo mai baƙar hula da wata dattijuwa. Can gefe jami'ar hukumar kula da yara, ita ce mai muryar da suka ji a kwamfuta.

Aka rantsar da Ummukulthum cewa za ta fassara gaskiya, ba ragi ba ƙari.

Thilaga ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kalma ɗaya ce ta raba uwa da 'ya, kuma ba wanda ya yi ƙarya, kowa abin da kunnensa ya saba ji ya ji. Ta roƙi a saka muryar. Da Walida ta ce "Hantuu", ta tsayar, ta juya.

"Puan, faɗa wa kotu sunanki."

"Hannatu."

"A hankali."

"Han-na-tu."

"Da sauri, yadda mijinki ke kira daga wani ɗaki."

"Hantu."

Dattijon ya yi istigfari ƙasa-ƙasa. Alƙaliya ta ajiye biro.

Aka zo maganar tofi. Nan ne Hannatu ta fi tsoro. Ta karanta Falaƙi a tafin hannunta, ta hura, ta shafa a iska. Dattijuwar ta karkata ta yi wa alƙaliya raɗa tana ɗan murmushi.

Ummukulthum ta matso kunnenta. "Ta ce kakarta ma haka take musu."

Alƙaliya ta dubi Hannatu kai tsaye.

"Yarinyar nan ta wace ce?"

Hannatu ta saci kallon mai baƙar hula. Dattijon nan sa'an babanta ne, kuma ita yake kallo.

"Tawa ce."

"Ban ji ba."

"'Yata ce. Ni na haife ta."

Thilaga ta sauke numfashi a ɓoye. Jami'ar hukumar ma jikinta ya yi sanyi. Ta miƙe ta ce ita ba ta da ja, in dai haka ne kuskuren fahimta ne, sai dai akwai abu ɗaya. Kwanan nan yarinyar ta canza a gidan da take. Ta daina wasa, ta daina tambayar yaushe za a zo ɗaukarta. Sauran yaran ba sa zama kusa da ita.

"Me ya sa ba sa zama?" in ji alƙaliya.

"Yara ne, ranki ya daɗe. Sun ji abin da ta ce."

Alƙaliya ta yi ɗan tunani.

"A shigo da ita. In na ga yadda suke da juna, zan yanke yanzu."

Jami'ar ta fita.

Thilaga ta ce ba tare da ta juyo ba, "Ido. Suna. 'Yata."

Ummukulthum ba ta ma fassara ba, Hannatu ta gane.

Ƙofar ta buɗe.

Walida ce, cikin wata riga mai dogon hannu da ba tata ba. An tsefe mata kitson da Hannatu ta yi mata, an ɗaure gashin da roba. Ta rame. Hannunta na cikin na jami'ar.

Ta ga alƙaliya. Ta ga dattijon. Sai idonta ya sauka kan Hannatu.

Ta tsaya cak.

Kullum in aka je ɗauko ta daga makaranta da gudu take zuwa, Hannatu ce ke kawar da kai ta ce ke tsaya mana, mutane na gani. Yau ko taku ɗaya ba ta yi ba.

Hannatu ta durƙusa a kan gwiwa a tsakiyar kotu. Ta kalle ta cikin ido, abin da ba ta taɓa yi a gaban baƙi ba. Ta buɗe hannuwa biyu. Sunan ya taso mata tun daga ciki.

"Aminatu."

Yarinyar ta ƙifta ido.

"Aminatu, zo. Zo 'yata. Ni ce mamanki."

Walida ta ja baya. Taku ɗaya, sai da bayanta ya taɓa ƙafar jami'ar.

Alƙaliya ta ɗauki biro.

"Zo mana," Hannatu ta ce, tana ƙaƙalo murmushi. "Mu je gida."

Walida ta saba, ko da Hausa aka yi mata magana da Malay ko turanci take amsawa, har babanta ya gaji da faɗa. Yau ta dubi mutanen ɗakin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman yaren da ba za su ji ba. Sai ta yi magana da Hausarta mai tsami, a hankali.

"Hantu ba ta cewa haka."

"Ni ce, Walida. Dube ni."

"Hantu ba ta ce min 'yata. Ba ta kallona."

"Yau ina kallonki."

"Sunan Mama kika ce. Mama tana rami."

Hannatu ta matsa da gwiwa. Yarinyar ta damƙe siket ɗin jami'ar da hannu biyu.

"Yaran can sun gaya min," ta ce. "Sun ce hantu wanda ya mutu ne. Sai ya dawo. Yana sa fari. Yana kiran yaro da murya mai daɗi, in yaron ya je shi kenan."

"Ƙarya suke miki. Sunana ne kawai, ke kika sa min."

"Ranar na taɓa ki. Na ce Hantu tashi, Hantu tashi. Ba ki tashi ba. Shi ya sa na fita in kira mutane."

Sai yau Hannatu ta ji dalilin fitar.

Walida ta leƙo daga bayan jami'ar. Ba kuka take ba, da ma kukan ne da sauƙi. Tambaya take tsakaninta da Allah.

"Hantu, ranar kika mutu?"

Ummukulthum ta toshe baki da hijabi.

"Ban mutu ba. Taɓa ni ki ji. Ga hannuna."

Ta miƙa hannun. Yarinyar ta kalle shi, ta ɓoye nata a baya.

"Ina sonki," ta ce. "Amma kar ki tafi da ni. Ina tsoron rami."

Thilaga ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta ga yarinyar da ta ɓuya daga uwarta, kuma ta san alƙaliya ma ta gani. Ta yunƙura za ta nemi a ɗan dakata.

Alƙaliya ta ɗaga mata hannu. Ta juya wajen Ummukulthum.

"Tafinta, kina ƙarƙashin rantsuwa."

Hannatu na durƙushe, hannunta a miƙe har yanzu. Ta waiwayo ta dubi Ummukulthum, ta girgiza mata kai kaɗan.

"Ina jiranki," in ji alƙaliya. "Me yarinyar ta ce?"